Birnin da Ya Ƙi Tsufa

Da kaka, in kun tsaya bakin hanya a Dogon Dawa, za ku ga manyan motoci shaƙe da buhunan masara da dawa sun nufi Funtuwa. Waɗansu can za su sauke, waɗansu kuwa ba su tsayawa sai Kano. To, me ya sa Kano, wadda ta yi shekaru ɗaruruwa da kafuwa, har yau take jan kayan mutane daga nesa haka? Garuruwa da yawa sun yi zamani tare da ita, yanzu sai kufai.

Ku sani, yara, babban birni ba ya iya ci da kansa daga gonakinsa kaɗai. Tilas ya sami abin da zai sayar wa na waje, sa'an nan ya sayi abinci. Ran da aka daina bukatar hajarsa, in bai sami wata ba, sai mutane su watse.

A zamanin da, arzikin Kano yana bisa raƙumi da jaki. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Ayari yakan keto hamada daga Turabulus da kayan Larabawa, Buzaye su kawo gishiri, fatake su tafi Gwanja su ɗauko goro. Kanawa kuwa suna saƙa, suna rini, suna jima. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya yi mamakin yadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu.

Ana nan sai jiragen ruwa suka ƙwace cinikin hamada, gama kayan da raƙumi zai yi watanni yana ɗauke da su, jirgi ya fi shi sauri da araha. Turawa suka ci Kano cikin 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso cikin 1911. A nan ne wani abin ban sha'awa ya faru. Turawa sun sa rai za su kwashi auduga su kai masaƙun Ingila. Ashe masaƙan Kano sun fi su biyan kuɗi mai kyau. Manoma kuwa suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba ta yi kasuwa ba, a ci ta a gida. Wa ya taɓa cin auduga? Sai kowa ya dukufa kan gyaɗa. Fataken goro da suka san ƙauyuka, suka kuma san wanda za a ba bashi ya biya, su suka zama masu sayenta. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955. Aka riƙa jera buhuna sama-sama kamar tsauni, ana kiransu dalar gyaɗa, suna jiran jirgi ya kai su Ikko.

Dalar nan ma ba ta dawwama ba. An sami man fetur a kudu cikin 1956, hankalin gwamnati ya koma can. Aka yi fari mai tsanani wajen 1973, ciwo kuma ya kama gyaɗa cikin 1975. Kafin a jima filin dala ya zama wayam.

Kanawa suka sake dabara. An gina madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka shiga noman rani a Kadawa da Kura. Masana'antu suka yawaita a Bomfai da Sharaɗa da Chalawa, ana saƙa, ana matse mai, ana gyaran fata. Amma kada ku zaci kome ya tafi daidai. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, atamfa mai araha ta kwararo daga ƙasar Sin, masaƙu da yawa suka rufe, dubban magidanta suka rasa aiki. Wannan rauni har yanzu bai warke ba.

Duk da haka kasuwa ba ta mutu ba. A Kantin Kwari ana cinikin yadi, mutane na zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. 'Yan kasuwar da kakanninsu suka bi ayari, yau jirgin sama suke hawa zuwa Sin da Dubai. Samari sun koyi gyaran wayar hannu, waɗansu kuma tun wajen 1990 suke shirya finafinan Hausa. A Dawanau kuwa ake tara hatsi da wake, da riɗi da zoɓorodo waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje.

Can ne buhun masarar da kuka gani bisa mota zai iya ƙarewa. Saboda haka in 'yan bindiga suka tare hanyar dajin Birnin Gwari, manomi ya kasa zuwa gona, direba ya ji tsoron tasowa, ba mu kaɗai muke shan wuya ba. Matar da ke awo a cikin birnin Kano ita ma za ta tarar kuɗin kwano ya hau.