Ranar da aka kashe sautin talabijin saboda 'yan kallon Lechia

A daren 27 ga Satumba, 1983, gidan talabijin na gwamnatin Polan ya watsa wani faifai da jami'an tsaro suka naɗa a ɓoye. Muryar Lech Walesa ce a ciki, yana hira da ɗan'uwansa Stanislaw a lokacin da yake tsare, ana jin zagi da maganar daloli. An yi wa faifan yanke-yanke da haɗe-haɗe domin mai sauraro ya ɗauka cewa jagoran ma'aikatan nan da talakawa ke girmamawa ba kowa ba ne illa mai kwaɗayin kuɗin ƙasashen waje. Washegari kuwa akwai wasan ƙwallo a garinsa, Gdansk, kuma an san zai je kallo. Lissafin hukuma shi ne 'yan kallo za su yi masa ihu, duniya ta gani.

Wasan ma kansa abin mamaki ne yadda aka yi ya samu. Lechia Gdansk ƙungiya ce da ke rukuni na uku a kakar 1982 zuwa 1983, 'yan wasanta yara ne da ba a san su ba a wajen garinsu, kocinsu Jerzy Jastrzebowski shi ma matashi. Amma a gasar cin kofin ƙasa sai suka riƙa kayar da manya ɗaya bayan ɗaya: Widzew Lodz, wadda a wannan kakar ta fitar da Liverpool daga gasar Turai, sannan Slask Wroclaw, sannan Ruch Chorzow. A watan Yuni 1983 suka doke Piast Gliwice da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe, suka ɗaga kofi. Suka kuma haura rukuni na biyu. Wannan kofi shi ya ba su tikitin shiga gasar da a lokacin ake shirya wa ƙungiyoyin Turai da suka ci kofin ƙasashensu. Da aka jefa ƙuri'a, sai ta haɗa su da Juventus.

Juventus ta wannan zamani ba abin wasa ba ce. Giovanni Trapattoni ke horar da ita. Tana da Michel Platini, tana da Paolo Rossi da sauran waɗanda suka ci wa Italiya kofin duniya a 1982, tana kuma da Zbigniew Boniek, ɗan Polan da ya fi kowa suna a ƙwallo a lokacin. A wasan farko a Turin, ranar 14 ga Satumba, aka lallasa Lechia da ci 7 da nema, Domenico Penzo shi kaɗai ya zura huɗu. Ta fuskar ƙwallo magana ta ƙare. Babu wanda ya taho wasa na biyu a filin Lechia na titin Traugutta da tunanin za a farke ƙwallo bakwai.

Duk da haka filin ya cika ya batse. An ƙiyasta mutanen da suka shiga sun kai dubu 40, abin da ya zarce ƙarfin filin nesa ba kusa ba. Wasu sun ɗare bishiyoyi, wasu sun hau tudun da ke kewaye. Domin a fahimci abin da ya kawo su, sai an san wane irin gari ne Gdansk.

Gari ne na bakin teku, mai tashar jiragen ruwa da babbar masana'antar ƙera su. Kafin yaƙin duniya na biyu Danzig ake ce masa, mafi yawan mazaunansa Jamusawa ne, kuma a nan aka harba harsasan farko na yaƙin a 1939. Da aka gama yaƙi Jamusawa suka fice, aka cika garin da 'yan Polan, ciki har da waɗanda aka raba da gidajensu a gabas bayan Tarayyar Sobiyet ta haɗiye yankinsu. Irin waɗannan, mutanen birnin Lwow, suna cikin waɗanda suka raini ƙungiyar da aka kafa a 1945, kuma sunan tsohuwar ƙungiyarsu ta can, Lechia, shi aka ɗora mata, da launin fari da kore. Wanda aka kore shi daga gidan ubansa ba sai an koya masa ƙin wanda ya kore shi ba. Tun daga tushe, ƙiyayyar mulkin kwaminisanci a jinin magoya bayan Lechia take.

Sai kuma abin da garin ya gani da idonsa. A Disamba 1970 sojoji da 'yan sanda suka buɗe wa ma'aikata wuta a Gdansk da maƙwabciyarta Gdynia, aka kashe gommai. A Agusta 1980 yajin aikin masana'antar jiragen ruwa ya haifar da Solidarnosc, ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, ƙarƙashin Walesa, wanda aikinsa gyaran wutar lantarki ne. Kafin a ankara mambobinta sun doshi miliyan 10. Ranar 13 ga Disamba, 1981, Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka kame shugabannin ƙungiyar, aka haramta ta. An saki Walesa a Nuwamba 1982, an ɗage dokar a Yuli 1983, amma taron jama'a ya ci gaba da zama abin da ke kai mutum gidan yari. Wurare biyu suka rage inda dubban mutane za su taru ba tare da an tarwatsa su ba: coci da filin ƙwallo. A coci addu'a ake yi cikin natsuwa. A filin ƙwallo kuwa ihu ne al'adar wurin, kuma ba a iya kama mutum dubu 40.

Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Walesa ya zauna cikin jama'a kamar kowa, ana gobe zai cika shekara 40 da haihuwa. Juventus ta ci ɗaya a kashin farko ta hannun Beniamino Vignola. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai masu ɗaukar hoto na ƙasashen waje suka juya kyamarorinsu inda yake. Ya miƙe, ya ɗaga yatsu biyu, alamar nasara. Filin ya ɗauka gaba ɗaya, ana kiran sunansa, ana kiran sunan ƙungiyar da doka ta ce babu ita. Jastrzebowski ya sha ba da labarin cewa har cikin ɗakin sauya kaya suka riƙa jin amon, tsikar jikinsu na tashi.

A gidan talabijin hankali ya tashi, domin kai tsaye ake nuna wasan ga ƙasa baki ɗaya. Dabarar da suka iya ita ce jinkirta nuna kashi na biyu da 'yan mintuna, sannan suka kashe sautin filin. A ganina wannan ya fi ihun kansa tona asiri. Mutanen da suka shekara da shekaru suna karanta jaridar gwamnati sun ƙware wajen gane abin da aka ɓoye, kuma duk wanda ya ga filin ƙwallo cike maƙil babu ko tari ya san akwai abin da ba a son ya ji.

Abin da ake yawan mantawa shi ne yaran sun buga ƙwallo a ranar. Da aka dawo daga hutu Marek Kowalczyk ya farke, sannan Jerzy Kruszczynski ya ci bugun fenareti. Lechia 2, Juventus 1. Ƙungiyar da watanni kaɗan baya take rukuni na uku ta shiga gaban ƙungiyar Trapattoni, ta kuma riƙe hakan na ɗan lokaci. Daga baya Roberto Tavola ya rama, Boniek ya ci ta uku gab da tashi, aka ƙare 3 da 2. Juventus ta wuce har ta ɗauki kofin a 1984, inda ta doke Porto a birnin Basel, Boniek ɗin ne ma ya ci ƙwallon nasara.

Mako guda bayan wasan, ranar 5 ga Oktoba, aka sanar cewa Walesa ne ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Bai je Oslo ba, don gudun kada a hana shi komawa gida. Matarsa Danuta ce ta karɓo. A 1990 ya zama shugaban ƙasa. Donald Tusk, wanda daga baya ya zama firaminista, shi ma ɗan Gdansk ne kuma tsohon mai goyon bayan Lechia tun yana saurayi.

Ita kuwa Lechia, faɗuwar kwaminisanci ba ta yi mata rana ba. Kuɗi suka ƙare, aka yi ta haɗa ta da wasu ƙungiyoyi, haɗin bai yi albarka ba, har a 2001 ta sake farawa daga rukuni na shida, tana buga wasa a filayen ƙauyuka, magoya bayanta na biye da ita. Sai 2008 ta koma babban rukuni. A 2011 ta bar titin Traugutta zuwa sabon filin da aka gina domin gasar ƙasashen Turai ta 2012, kuma a 2019 ta doke Jagiellonia da ci ɗaya mai ban haushi, ta ɗauki kofin ƙasa karo na biyu, shekara 36 bayan na farko.