Ko Ka Sani? Zoben Da Ke Yawo A Kan Zaren DNA

Ko ka san cewa a cikin ƙwayoyin halittar jikinka akwai wani furotin mai siffar zobe, wanda ake zura wa zaren DNA duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu?

Kafin ƙwaya ta rabu, dole ta kwafe DNA ɗinta kaf. Mai kwafin wani furotin ne da ake kira folimares. Gwani ne, sai dai ba shi da riƙo. A cikin bakteriyar E. coli, in aka bar shi shi kaɗai, haruffan DNA kaɗan zai rubuta ya suɓuce. Amma da zarar ya maƙale a jikin zoben, sai ya rubuta sama da haruffa 50,000 bai saki ba, kusan 1,000 kowace daƙiƙa.

A shekarar 1992 ne John Kuriyan da Mike O'Donnell da abokan aikinsu a New York suka fito da siffar zoben na E. coli, bayan sun daskarar da furotin ɗin kamar ƙwayar gishiri sun haska masa hasken X-ray. Ɓari biyu ne, kan wannan a gindin wancan. Faɗin ramin tsakiya kusan nanomita 3.5, zaren kuwa nanomita 2. Wato zoben bai matse zaren ba, ruwa ne ke cike ratar. Nan dabarar take, a ganina. Kamar zoben labule ne a kan sanda: yana zamewa yadda ya so, amma ba ya faɗuwa.

A 1994 aka ga siffar takwaransa na yis, mai suna PCNA, irin wanda ke jikinmu. Shi ɓari uku ne, jerin sinadaransa ma bai yi kama da na bakteriya sosai ba, amma ka ɗora hoton wannan a kan wancan, sai ka rantse maƙeri ɗaya ne ya ƙera su.

To, DNA ɗin E. coli da'ira ce, ba ta da baki ballantana a zura zobe. Ta ina yake shiga? Wani furotin ne daban ke ƙona makamashin ATP, ya buɗe zoben, ya sa zaren ciki, ya rufe. Kuma ba hutu, domin ɗaya daga cikin igiyoyi biyun da suka haɗu suka yi zaren DNA gutsi-gutsi ake kwafarta, kowane gutsure da sabon zobensa, bayan kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu.