Ƙarar Kunne Bayan Harbin Bindiga: Raunin Da Ba Ya Zubar Da Jini

Ƙarar kunne amo ne da mutum ke ji a kunnensa ko a cikin kansa alhali babu abin da ke yin sa a waje. Wani yana jin ta kamar kukan gyare da dare, wani fito yake ji, wani kuma ƙugi mara yankewa. Alama ce ta cewa wani abu ya taɓu a hanyar ji, tun daga kunne har zuwa ƙwaƙwalwa. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wajen miliyan 740, suna fama da ita, kuma kashi 2 cikin 100 ta tsananta musu. Dalilanta suna da yawa, amma kaɗan ne ke jawo ta farat ɗaya kamar harbin bindiga.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen desibel 60. Ƙa'idar wuraren aiki ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin hayaniyar da ta kai 85, kuma duk lokacin da aka ƙara desibel 3, sai a raba lokacin gida biyu. Idan an kai 100, minti 15 kacal ke nan. Bindiga kuwa tana fitar da tsakanin 140 da 170, gwargwadon irinta da harsashinta. A wannan mataki ba a maganar awa ko minti. Harbi guda kusa da kunnen da ba a kare ba ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke manne da shi, akwai wani sashe a murɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke juya girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙarar harbi tana bugun su da ƙarfi, wasu su sunkuya su farfaɗo bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu su mutu. Wadda ta mutu a kunnen ɗan Adam ba ta sake tsirowa. Waɗanda ke fara lalacewa su ne masu jin siririn sauti, musamman wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, shi ya sa mutum ke jin ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa a kasuwa. Da ƙwaƙwalwa ta ga saƙo ya ragu daga wannan ɓangare, sai jijiyoyinta su ƙara kaifin sauraro har su riƙa motsi da kansu, wannan motsi shi ne amon da mai ciwon ke ji. Saboda haka toshe kunne ba ya kashe ƙarar, sau da yawa ma ƙara fito da ita yake yi.

Mazauna tsakiyar Abidjan, babban birnin kasuwancin Kwaddibuwa, sun sha wannan ƙara fiye da sau ɗaya. Mahaɗar Indénié tana tsakanin Adjamé da Plateau, barikin sojoji na Galliéni na kusa da ita, barikin jandarmomi na Agban kuma yana cikin Adjamé. An kai wa Agban hari a daren 19 ga Satumba 2002, ranar da tawaye ya ɓarke. Bayan rikicin zaɓen 28 ga Nuwamba 2010, faɗa ya shigo tsakiyar birnin daga ƙarshen Maris 2011 har zuwa 11 ga Afrilu da aka kama tsohon shugaban ƙasa Laurent Gbagbo, da manyan bindigogi da jirage masu saukar ungulu. An yi asarar rayuka kimanin 3,000 a rikicin. A 2017 ma an ji harbe-harbe lokacin boren sojoji. Unguwannin Adjamé da Treichville, wadda ke tsallaken tafkin Ébrié, cike suke da Hausawan Nijar da Najeriya, 'yan goro da 'yan albasa da mahauta da masu sayar da abincin garba. Bayan irin wannan tashin hankali ana ƙirga matattu da masu raunin harsashi, amma wanda ya kwanta a ƙasa a ɗakin kwano ana ɓarin wuta a bakin ƙofarsa, ya tashi kunnensa na kuka, da wuya a sa shi a lissafi. Shi kansa yakan ga ai ya tsira da ransa, me zai kai ƙara a kan kunne? Daga nan sai ya koma tashar motocin Adjamé, cikin hon ɗin motocin haya na gbaka da injin niƙa da amsa-kuwwa, hayaniyar yau da kullum ta ɗora a kan ɓarnar da bindiga ta fara.

Masu riƙe da makamin sun fi kowa shiga haɗari: soja, jandarma, ɗan sanda, mafarautan dozo, haka kuma 'yan bindigar sarki da ke harba bindigar gargajiya a hawan sallar Kano ko Katsina ko Zazzau. A Amurka, ƙarar kunne ce nakasar da aka fi biyan tsofaffin sojoji diyya a kanta. Mai harba doguwar bindiga da hannun dama, kunnen hagu ya fi lalacewa, domin shi ne ke fuskantar bakin bindigar, na dama kuwa kai da kafaɗa sun ɗan kare shi. Ƙaramar bindigar hannu bakinta gajere ne, fashewar na faruwa kusa da fuska, kuma a cikin ɗaki ko mota bango na dawo da ƙarar.

Akwai kuma harbin ba-zata, a nan ne batun kunamar bindiga ya shigo. Masana'antu suna yin ta da ɗan nauyi da gangan. Ta bindigar Glock, alal misali, sai an ja ta da ƙarfin kusan kilo 2.5. Wanda ya goge ƙarfenta ko ya canja mata kayan ciki don ta yi laushi yana iya lalata abin da ke hana ta tashi da kanta, sai ta ƙi harbi lokacin da ake so, ko ta tashi idan ta faɗi ƙasa. Irin wannan harbin ba-zata yana samun mutum ba tare da kariyar kunne ba, ban da ran da zai iya ɗauka. Bindigar da kunamarta ta canja hali, a cire harsashinta a miƙa ta ga ƙwararren mai kula da makamai na rundunar. Ba aikin maƙerin unguwa ba ne.

Kwanakin farko bayan harbi su ne mafi muhimmanci. Idan ji ya ragu kwatsam, ko akwai jini ko ruwa na fita, ko jiri, a je asibiti a ranar, domin magungunan rage kumburi da likita ke bayarwa sun fi amfani idan an fara su da wuri. A Abidjan sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a allo, yana nan a asibitocin koyarwa kamar na Treichville da na Cocody. A arewacin Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Dodon kunnen da ya huje yakan haɗe da kansa cikin makonni idan ba a jiƙa shi ba, don haka ɗiga man ja ko ruwan ganye kuskure ne babba. Ya kamata a gaya wa likita magungunan da ake sha, domin kinin na zazzaɓin cizon sauro, da asfirin mai yawa, da allurar jentamaisin, duk suna iya tayar da ƙarar. Ƙarar da ke bugawa tare da bugun zuciya, ko wadda take a kunne ɗaya kawai, tana buƙatar bincike na musamman.

Idan ƙarar ta zauna watanni, babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ta, kuma masu tallar maganin da ke cire ta cikin mako guda kuɗin mutane kawai suke ci. Abin da ake iya yi shi ne rage mata iko a kan mutum. Ƙwaƙwalwa tana da halin watsar da sautin da ta daina ɗauka a matsayin barazana; a kan wannan ne Pawel Jastreboff ya gina hanyarsa ta horar da ji tun wajen 1990. Shiru tsit na ƙara fito da amon, don haka barin fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa da dare yana taimaka wa barci. Na'urar ƙara ji tana sauƙaƙa wa wanda jinsa ya ragu. Tattaunawa da ƙwararren mai ba da shawara kan tunani ita ce hanyar da bincike ya fi goyon baya wajen rage damuwa, kuma tana da muhimmanci ga wanda ƙarar ke tuna masa ranar yaƙi har ya firgita. Iyali ma na da rawa a nan: mai wannan lalura ba aljanu ne suka shafe shi ba, kuma faɗan da yake yawan yi sau da yawa rashin barci ne.

Rigakafi ba shi da tsada. Abin toshe kunne na soso, idan an murza shi an tura shi yadda ya kamata, yana rage desibel 15 zuwa 30, kuma wajen atisayen harbi a haɗa shi da marufin da ke rufe kunne gaba ɗaya. Auduga ba ta tare komai a gaban ƙarar bindiga. Yara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙara mai fashewa a kansu desibel 120, abin da kowace bindiga ta zarce nesa, don haka a janye su daga layin gaba a duk taron da ake harbi.