Ɗaukar Hoton Wasannin Dare: Misali Daga Tashe

Gabatarwa

Yawancin wasannin da Hausawa ke yi a sarari da dare ake yin su. Gaɗa da kokawar dandali da kiɗan kalankuwa da tashe duk sai rana ta faɗi, an gama hidimar yini, sannan suke kankama. Amma idan aka duba tsofaffin hotunan al'adun Hausawa da ke cikin littattafai da gidajen tarihi, sai a tarar mafi yawansu na rana ne: hawan salla, kasuwa, marina, manoma a gona. Babban dalilin wannan giɓi shi ne kyamara ba ta aiki sai da haske. Wannan maƙala za ta yi bayanin matsalolin da mai hoto ke fuskanta idan zai ɗauki jama'a suna nishaɗi a waje da dare, tare da kafa misali da tashe. Abin da za a nuna shi ne, hasken da mai hoto ya zo da shi yakan canja wasan da ya zo ɗauka, don haka gwanintarsa tana ga sanin hasken wurin da kuma sanin mutanen wurin.

Tashe da lokacinsa

Tashe wasa ne na watan azumi, wanda ake farawa idan watan ya kwana goma. Bayan an sha ruwa, an yi asham, sai yara da samari su fita ƙungiya-ƙungiya suna bin ƙofofin gidaje da dandali da bakin kasuwa, suna kwaikwayo da waƙa, ana ba su sadakar hatsi ko kuɗi. Akwai na maza, kamar Tsoho da Gemu, inda yaro ke liƙa gemun auduga ya duƙa a kan sanda, da Jatau Mai Magani, da Danda Dokin Kara. Akwai kuma na 'yan mata, kamar Mairama da Daudu, da Samodara. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda shi ne jagoran tashen gwauro.

Abin lura ga mai hoto shi ne kwanakin tashe sun faɗo cikin farin wata. A daren goma, rana na faɗuwa wata yana sama. A daren sha huɗu zuwa sha biyar yakan cika, ya fito daidai faɗuwar rana. Daga nan sai ya riƙa jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, har ya zama a daren ashirin ba ya fitowa sai bayan ƙarfe goma. Ke nan a makon farko ana tashe wata na haskawa, a kwanakin ƙarshe kuwa ana fara shi cikin duhu. Bugu da ƙari, tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, azumi yakan zagaya dukkan yanayin shekara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Wata shekara tashe da bazara ake yi, wata da damina, wata kuma cikin ƙurar hunturu, kuma kowane yanayi da irin tasirinsa ga hoto.

Abubuwa uku da ke sarrafa haske

Kyamara, ko ta filim ce ko ta wayar hannu, da abubuwa uku take sarrafa haske. Na farko shi ne faɗin kafar da haske ke bi ta cikin idonta. Ana auna shi da lambobi irin su 2 da 4 da 8 da 16, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon faɗin kafa: lamba 2 tana shigar da haske ninki huɗu na lamba 4. Na biyu shi ne tsawon lokacin da ƙyauren idon yake a buɗe, wanda yawanci ɗan yanki ne na daƙiƙa. Na uku shi ne saurin kama haske na filim ko na farantin lantarkin da ya maye gurbinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin ISO, a da kuma ASA. Filim mai lamba 400 ya fi mai lamba 100 sauri sau huɗu.

Ɗan lissafi zai nuna girman matsalar. Da tsakar rana, mai hoto da filim mai lamba 100 yakan sa kafa a 16, ya buɗe ƙyaure na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, hoto ya fito tas. To hasken cikakken wata ya gaza na rana kimanin sau 400,000. Idan ba a canja kome ba, sai ƙyaure ya zauna a buɗe daƙiƙa 4,000, wato fiye da awa guda. Idan aka buɗe kafa zuwa 2, lokacin zai dawo kamar minti guda. Idan aka sa filim mai lamba 400, ya dawo daƙiƙa 15. Kyamarar zamani da aka ɗaga zuwa 6,400 za ta buƙaci daƙiƙa guda. Yaron da ke rawa da dokin kara kuwa ba ya tsayawa ko na rabin daƙiƙa. Kafin a kama mai rawa ba tare da ya narke a hoto ba, ana buƙatar kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Saboda haka farin wata ya ishi ido, amma bai ishi kyamara ba.

Walƙiyar kyamara da illolinta

Tun da daɗewa masu hoto suka nemi mafita ta hanyar zuwa da nasu hasken. A shekarar 1887 aka fito da wani gari mai sinadarin magnesiyam a Jamus, wanda ake cinna wa wuta ya yi walƙiya da hayaƙi. Jacob Riis, wani ɗan jarida a birnin New York na Amurka, ya yi amfani da shi wajen ɗaukar matalauta a makwancinsu cikin dare, ya buga hotunan a littafi a 1890. Aikinsa ya taimaka an gyara gidajen talakawa, amma sau da yawa faɗa wa mutane yake yi suna barci ba tare da sallama ba, kuma firgicin yana nan a fuskokinsu. Wajen 1930 aka sami ƙwan walƙiya mai ƙonewa sau ɗaya, daga baya kuma aka sami ta lantarki, wadda ake kira filasha, mai haskawa na kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Filasha tana tsayar da motsi, amma tana da illoli huɗu a wurin tashe. Na ɗaya, haskenta yana raguwa da sauri: wanda ke nesa da taku huɗu yana samun rubu'in hasken wanda ke taku biyu. Sakamakon haka sai fuskar na gaba ta yi fari fat, 'yan amshi da 'yan kallo kuwa su nutse cikin baƙi. Tashe kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Idan babu 'yan amshi da maigidan da ke miƙa sadaka da matan da ke leƙe daga zaure, an ɗauki yaro da gemun auduga kawai, ba a ɗauki tashe ba. Na biyu, idan ana hunturu ko ƙafafu sun tayar da ƙura, hasken yakan bugi ƙurar da ke gaban kyamara ya dawo, hoto ya cika da fararen ɗigo. Na uku, filasha tana kashe hasken wurin, ta mai da dare kamar rana marar inuwa. Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, tana sanar da kowa cewa ga mai hoto. Da ta haska sau ɗaya sai yara su bar wasa su yi layi suna kallon kyamara, abin da aka zo ɗauka ya watse.

Hasken wurin

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mai hoto ya nemi hasken da yake akwai. Unguwa da dare ba ta rasa fitilu: fitilar ƙwai ta mai ƙosai, da aci-bal-bal a tsofaffin unguwanni, da wutar tukubar mai tsire, da ƙwan lantarki na ƙofar shago ko teburin mai shayi, da tocilar da yaran kansu ke riƙe da ita. Masu tashe suna tsayawa inda mutane suke, mutane kuwa inda haske yake suke taruwa. Ke nan mai hoto ba ya buƙatar bin yara lungu-lungu. Sai ya zaɓi wuri mai haske, ya tsaya ta yadda fitila za ta bugi fuskokin masu wasa daga gefe, ya jingina da bango don hannunsa ya daina rawa, ya jira. Kowane wasa yana da gaɓar da motsi ke ɗan tsayawa, alal misali lokacin da tsoho ya dogara sanda ya ɗaga kai, ko lokacin da Jatau ya miƙa ƙullin maganinsa. Wanda ya san wasan ya san zuwan wannan gaɓa, wanda bai sani ba sai ta wuce shi. Ɗan narkewar hannu ko gefen riga ba aibi ba ne, domin shi ke nuna ana cikin motsi.

Akwai kuma batun launin fata. Ma'aunin haske na kyamara yakan ruɗe idan farar riga da baƙar fata suka haɗu cikin duhu, sai ya bi rigar ya bar fuska a dushe. Tsofaffin finafinai masu launi sun ƙara tsananta wannan, domin shekaru da yawa kamfanin Kodak da hoton farar mace yake daidaita injunan wanke hoto. Maganin abin shi ne a auna haske a kan fuska, ko da riga za ta yi fari fiye da kima.

Wayoyin hannu sun sauƙaƙa aiki. A 2018 kamfanin Google ya fito da tsarin ɗaukar dare a wayoyinsa, Apple ya biyo baya a 2019. Abin da wayar ke yi shi ne ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙu ta haɗe su wuri ɗaya. Wannan yana da kyau ga bango da bishiya da mutumin da ke zaune, amma mai rawa har yanzu yakan narke, kuma wayar takan haskaka sarari har daren ya ɓace.

Darasi daga Bamako

Wanda ya fi shahara da hoton nishaɗin dare a Afirka ta Yamma shi ne Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016. Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, ya riƙa zagaya wuraren rawar matasa da dare, ya koma ya kwana yana wanke hotuna, ya liƙa ƙananan samfura a kan takarda, washegari masu rawa su zo shagonsa su zaɓa su saya. Sanannen hotonsa na 1963 ya nuna saurayi da ƙanwarsa suna rawa a fili, ita ba takalmi, kawunansu sun kusa haɗuwa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a shekarun 1960 da 1970.

Abin mamaki shi ne Sidibé da filasha yake aiki, amma mutanen cikin hotunansa ba su firgita ba, ba su kuma daina rawa ba. Dalili kuwa gayyatarsa ake yi, an san shi, an saba da walƙiyarsa, kuma kowa ya san inda hoton zai je. Idan aka kwatanta shi da Riis, za a ga kayan aikinsu iri ɗaya ne a manufa. Abin da ya raba su shi ne sallama.

Haƙƙin wanda aka ɗauka

Wannan darasi ya fi nauyi a wurin tashe, domin tashe wasan zambo ne. Ana kwaikwayon malami da tsoho da mai rowa, ana tsokanar gwauro a gaban jama'a, kuma kowa yana haƙuri saboda ya san lokacin wasa ne, gari na wayewa magana ta wuce. Duhu da ƙarewar wata su ne ke rufa wa wanda aka tsokana asiri. Hoto kuwa ba ya wucewa. Gwauron da aka ɗauka ana masa tashe yana iya yin aure ya haifi 'ya'ya, hotonsa na nan yana yawo a wayoyin mutanen da ba su san wasa ba ne. Haka nan yarinyar da ta yi shigar Daudu tana shekara goma ba lalle ta so a ga hoton ba bayan ta zama matar aure.

Saboda haka akwai ladubban da ya kamata mai hoto ya kiyaye. Ya fara gaida mai unguwa ko dattawan wurin tun da rana, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya nemi yardar iyaye kafin ya yaɗa hoton yara. Kada ya juya kyamara cikin zaure ko tsakar gida inda mata suke. Wanda ya kau da kai ko ya rufe fuska ya riga ya ba da amsa. Ya ba da tasa sadakar kamar kowane ɗan kallo, sannan ya mayar wa masu wasa da hotonsu. Daga ƙarshe ya rubuta sunan wasan da unguwa da daren watan da shekara, domin hoton da ba a san wurinsa da lokacinsa ba amfaninsa ga manazarta kaɗan ne.

Kammalawa

Tashe yana ja da baya a manyan birane. Talabijin da waya sun ɗauke hankalin yara, matsalar tsaro kuma ta sa a wasu shekaru, kamar 2024, 'yan sanda suka dakatar da shi a Kano. Waƙoƙinsa an rubuta da yawa daga cikinsu, amma rubutu ba ya nuna yadda ake ɗaura dokin kara, ko yadda 'yan kallo ke kewaye masu wasa, ko dariyar tsohuwa a bakin zaure. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan gani ba zai samu ga na baya ba sai an sami masu hoto daga cikin unguwannin kansu, waɗanda suka san gaɓoɓin wasa, suka san inda fitila take, kuma yara suka saba da su har suka daina kallon kyamara.