Yadda Za Ka Ɗaga Kan Babur Don Rage Ciwon Baya Da Kafaɗa

Manomi da yawa a yau babur ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake ɗauko taki da iri, da shi yake kai amfani kasuwa. Amma in kai dogo ne, ko hanyar gonarka duk gargada ce, ka san yadda baya da kafaɗa suke yi bayan tafiyar awa guda. Sau da yawa kan babur ɗin ne ya yi maka ƙasa. Sai ka riƙa duƙawa, nauyin jikinka ya tare a wuyan hannu, duk ramin da ka faɗa ka ji shi har ƙeya.

Akwai wasu ƙananan ƙarafa guda biyu da ake kira raiza. Ana saka su ne a ƙarƙashin kan babur, daidai inda aka ɗaure shi, su ɗaga shi sama kaɗan don ka zauna a miƙe.

Kafin ka kashe kuɗi

Fara gwada na kyauta. Sassauta kusoshi huɗun da suka riƙe kan, ka ɗan juyo shi wajenka ko ka ɗan tura shi gaba, sannan ka ɗaure. Wani lokaci wannan kaɗai ya wadatar.

In bai yi ba, duba irin babur ɗinka. Raiza tana shiga ne a babur mai kan ƙarfe a fili, irin su Bajaj Boxer. Roba-roba, wanda aka rufe kansa da roba, yawanci ba ya karɓa. Kaurin kan yawancin ƙananan babura milimita 22 ne, manyan kuma akwai masu 28. Ka auna naka kafin ka saya.

Wane tsayi ya dace?

Milimita 20 zuwa 30 ya ishi yawancin mutane, wato kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. Hau babur ɗin ka kama kan: gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa, tafin hannunka kuma ya kasance ƙasa da kafaɗarka.

Kada ka ce ƙari ya fi. Duk yadda kan ya yi sama, jikinka baya yake komawa, tayar gaba ta rage nauyi. To ga buhun taki mai kilo 50 a bayanka, ga rairayi ko taɓon damina. Tayar gaba da ba ta da nauyi ba ta kama ƙasa, nan take za ta zame da kai.

Yadda ake sakawa

1. Kafe babur a kan jak ɗin tsakiya, ka shimfiɗa tsumma a kan tanki.
2. Yi alama da alli inda kan yake zaune, don ka mayar da shi tsakiya.
3. Kwance kusoshin, ka ɗaga kan a hankali, kada ka fizgi wayoyi.
4. Ɗora raiza, ka mayar da kan da murfinsa.
5. Yi amfani da dogayen kusoshin da suka zo da ita, domin tsofaffin sun yi gajarta. Duba kan kusar, ka nemi mai lamba 8.8 ko sama da haka.
6. Ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke kallonta, har su yi daidai.

Wayoyi ne alƙalai

Nan ne haɗarin yake. Wayar totur, ta kuloci, ta birkin gaba da ta lantarki duk an yanka su ne daidai tsohon tsayi. Tayar da injin ba tare da giya ba, ka juya kan har ƙarshe dama, sannan hagu. In ka ji injin ya ƙara ƙara da kansa, wayar totur ta ɗame, kuma haka za ta yi maka a kwana. Saki totur ka ga ko yana komawa da kansa. Tura babur ɗin kan yana juye, ka ji ko birki na kamawa. Hannun kuloci ma ya kasance da ɗan wasansa. In ɗaya ta gaza, a sauya mata hanya ko a sa mai tsawo. Kar ka hau kafin nan.

Ka guji walda ko cusa tarin wosha a madadin raiza. Bayan kwana biyu ko uku kana hawa, sake bin kusoshin da sifana, domin gargada tana sassauta su. In ba ka saba da kwance-kwance ba, kai wa bakanike, amma ka tsaya a yi gwajin wayoyin a gabanka.

Allah ya kiyaye hanya.