Gyaran Gida Daga Nesa: Me Ya Sa Baki Kaɗai Ba Ya Isa

Damunar 2024 ta yi wa jihar Maradi ɓarnar da ba a saba gani ba: gidajen ƙasa sun zube, katangu sun tsage, daga unguwar Zariya ta garin Maradi har Tibiri da Jiratawa. Garin dama ya san ruwa, tun ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta tashe shi daga fadama zuwa tudu. Abin da ya sauya shi ne mai biyan kuɗin gyara. Sau da yawa yana Libiya, Abijan, Kumasi ko Makka, yana turo kuɗi ta Nita ko Al-Izza, aikin kuma sai dai ya gan shi a hoton WhatsApp. Hoto kuwa yaɓe yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Magini zai iya shafe bangon da ruwa ya ci gindinsa, ya yi fes, damina ta gaba ta tona asiri.

Shi ya sa ya kamata a rubuta yarjejeniya kafin a ba da kafin alƙalami. A fayyace ko tushe za a sake ko yaɓe kawai, buhun siminti nawa, da hanyar da ruwan tsakar gida zai bi ya fita, tunda gyaran da bai kawar da ruwan ba asarar kuɗi ce. Biya kuma ya zama kashi-kashi, kowane kashi bayan wani amintacce ya duba da idonsa. Farashi ma a ambace shi: gwamnati ta rage kuɗin siminti a Oktoban 2024, kuma inda aka yi ciniki da baki, wa zai ce ragin na mai gida ne ko na magini?

Za a ce takarda alamar rashin yarda ce, musamman idan maginin ɗan unguwa ne. Amma wanda rashinta ya fi cutarwa shi ne ƙanen mai gida da aka damƙa wa kula da aikin, don duk kuɗin da ya salwanta shi ake zargi, zumunci ya lalace. Magini ma tana kare shi daga mai gidan da zai ƙaro ɗaki a waya bai ƙaro kuɗi ba. Masu cewa ba kowa ke karanta Faransanci ba, ai ajami yana nan, kuma ana iya karanta sharuɗɗan gaban mai unguwa da shaidu biyu, a naɗi murya a tura wa na waje.