Uwargida, Hattara da Murhun Gashi na Gas

  Zancenmu na wannan mako zai kai mu har Amurka. Kada ki ce ina ruwanki, gama kafin mu ƙare za ki ga ya komo ya tsaya a ƙofar ɗakin girkinki.

Kin dai san tukubar mai tsire. To, mutanen Amurka ma suna da tasu, sai dai tasu ta ƙarfe ce, kamar akwati mai murfi bisa ƙafafu. A cikinta akwai bututu uku ko huɗu masu ƙananan huji a jere, ta nan wuta ke fitowa, a bisansu kuma akwai ragar ƙarfe inda a ke shimfiɗa nama. A ƙarƙashi a ke ajiye tukunyar gas, a haɗa ta da murhun da tiyo na roba. Ba gawayi, ba fifita, ba kwasar toka. A murɗa, a ƙyasta, sai gashi. Lokacin zafinsu, watau daga Yuni zuwa Agusta, su kan fito da shi bayan gida su yi ta gasa nama, balle ran 4 ga Yuli da su ke bikin samun 'yancin ƙasarsu.

Abin da daɗi, amma yana da nasa. Ƙungiyar rigakafin gobara ta ƙasar, wadda a ke kira NFPA, ta ƙididdige cewa tsakanin 2014 da 2018 gobara fiye da 10,000 ke tashi a gidaje kowace shekara ta dalilin murhun gashi. Galibinsu kuwa na gas ne, kuma babu watan da ya kai Yuli.

Akwai wata al'adar ciniki a can da ya kamata ki sani. Babban kanti ya kan aika wata ƙasa, yawanci ƙasar Sin, a ƙera masa kaya dubbai, sa'an nan ya liƙa musu wani suna da shi da kansa ya ƙago. Ba a samun mai wannan suna sai a kantin nan da rassansa, kuma ya kan fi na sanannun kamfanoni araha. Watau sunan da ke goshin murhun na mai sayarwa ne, maƙerin yana can wata duniya, mai saye bai san shi ba. Wannan ba zamba ba ce, kuma da yawa cikin irin kayan nan suna da kyau, sanannun kamfanoni ma su kan yi kuskure. Amma in kuskure ya auku a maƙera ɗaya da ke yi wa kanti mai rassa fiye da dubu aiki, to, ya shiga gidaje ke nan ba iyaka.

Ga misali. Akwai wani babban kantin kayan gini da na gida a Amurka mai suna Lowe's. Daga 2005 zuwa 2009 ya sayar da wani murhun gashi da aka ƙero a Sin, aka sa masa suna Perfect Flame, watau wuta marar aibu. A watan Nuwamba na 2009 aka yi shela a daina aiki da wajen 663,000 daga cikinsu. Dalili kuwa, bututun wutar su kan lalace, wuta ta riƙa fitowa ta inda ba a nufa ba, a waɗansu kuma murfin kansa ne ke kama wuta. Kafin shelar an sami labarin gobara wajen 40 daga bututun, da wajen 23 daga murfin, mutane sun ƙone a hannu da fuska, har aka yi wa wani aiki a ido. Kin ji wuta marar aibu! Ki lura kuma, waɗansu gidaje sun shekara huɗu suna gashi a kansa kafin a faɗa musu.

A 2012 har wa yau aka sake yin shela a kan wani na kantin nan, mai suna Master Forge, wajen guda 37,000, shi ma ƙirar Sin. Nasa aibin ɗan ƙarami ne a ido. Idan mai haɗa murhun bai bi da tiyon ta inda ya kamata ba, sai ya jingina da akwatin wutar, zafi ya narkar da shi ya fashe, alhali gas na gudu a ciki.

Wa ke yin wannan shela? Wata hukuma ce ta gwamnatinsu, CPSC, wadda aka kafa da dokar 1972 don ta sa ido a kan kayan da a ke sayar wa jama'a. In an gane abu yana da haɗari, ita da kamfanin su kan sanar da sunansa, da lambar ƙirarsa, da lokacin da aka sayar da shi, a ce kowa ya dakata. Sa'an nan a gyara masa kyauta, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Masu Perfect Flame an ba su sababbin bututu, waɗansu har da murfi. Tun 2008 kuma doka ta hana sayar da abin da aka janye, ko da a hannun 'yan gwanjo ne.

To, ga inda zancen ya iso gida. Kin san kwantenoni na shigo mana da kayan da Turawa suka gama aiki da su, firji ne, dutsen guga ne, injin markaɗe ne, har da irin wannan murhu. Sababbi ma suna zuwa, da sunaye iri iri da ba wanda ya san inda aka ƙera su. Ga babbar Salla, nama ya yi yawa, maigida ya ga murhun gashi yana walƙiya a kasuwa, ya ce wannan zai hutar da uwargida. Murhu yana iya ƙetare teku, amma takardar shela ba ta biyo shi. Wanda ya sayar muku ma bai taɓa jin labarinta ba. Saboda haka aikin da hukuma ke yi wa matar Amurka, a nan ke ce za ki yi wa gidanki. Ko ba ku da murhun gashi ma, tukunyar da tiyon duk irin na ɗakin girkinki ne, abin da ya shafi wancan ya shafi wannan.

Da fari ki san halin gas. Abin da ke cikin tukunya ruwa ne a matse. In ya sami hanyar fita sai ya zama iska, lita 1 ta koma wajen lita 270. Zafi kuma yana kumbura shi, shi ya sa ba a cika tukunya fal, a kan tsaya a kashi 80 cikin 100. In mai ɗura gas ya ce zai yi miki gyara ya cika ta har baki, ki ce kin gode, ba kya so, balle da bazara. Na biyu, gas ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi. Ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi, kwanciya ya ke yi a ƙasa, ya taru a lungu da kwata da cikin akwatin murhu, yana jiran ƙyastu. Na uku, shi kansa ba shi da wari. Warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai zuba masa a ke yi da gangan don hanci ya ji. Da tsada aka koyi wannan: ran 18 ga Maris 1937 gas na bututu marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya fashe, wajen mutum 300 suka mutu, galibinsu 'yan makaranta. Bayan nan ne jihar ta yi dokar sa wa gas wari. In kin ji warin nan, gargaɗi ne, kada ki ce bari in ƙarasa miya tukuna.

Akwai wata mata sananniya a Amurka, Hannah Storm, mai gabatar da labarin wasanni a talabijin. A watan Disamba na 2012 ta kunna murhun gashi a bayan gidanta, ta shiga ɗaki, ta komo ta tarar iska ta kashe wutar. Ta rufe gas, ta sake buɗewa ta ƙyasta nan take. Ashe gas ya riga ya taru a ciki. Wuta ta tashi gaba ɗaya ta same ta a fuska da wuya da ƙirji da hannu, gira da gashin ido suka tafi, da wajen rabin gashin kanta. Allah ya yi da sauran kwana, ta warke, ta kuma shiga yi wa mutane gargaɗi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da gemu, amma muna da kitso da gyale.

Ga abin da za ki yi. Kafin a saya, a duba bututun wutar. In sun yi tsatsa, ko sun tsage, ko hujin sun haɗe sun zama rami ɗaya, a bar shi komai arahar sa, araha ba ta ado. A duba ɗan allon ƙarfe ko takardar da ke liƙe a baya ko cikin ƙofa. In an rubuta NG, an yi shi ne don gas na bututu irin na biranensu, hujinsa sun fi faɗi, in aka haɗa shi da tukunya wuta za ta yi tsiri fiye da kima. Wanda aka rubuta wa LP shi ne na tukunya. Sau da yawa kuma bakin tiyon Amurka ba ya dacewa da tukunyarmu. Kada a yarda a yanke a ɗaure da roba ko waya, a kira wanda ya san aikin gas ya sa sabon tiyo da sabon kan tukunya, wanda a ke kira regileta.

Kowane lokaci aka sauya tukunya, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a tiyon da duk mahaɗa, makunnan murhu suna rufe, sa'an nan ki buɗe tukunya. Inda kumfa ke tasowa yana girma, nan ke yoyo. Ki rufe, kada a kunna sai an gyara. Ba a neman yoyo da ashana. Ki tabbata tiyon bai taɓa ƙarfe mai zafi ba, kuma ba ya inda kitse ke ɗiga.

In murhu ya daɗe a ajiye, a leƙa cikin bututun. A Amurka gizo-gizo ne ke yin saƙa a ciki, mu kuwa ga gizo-gizo ga zanzaro mai gini da laka. In bututu ya toshe, gas ya kan komo baya ya kama a wajen makunni, daidai inda hannunki ya ke. Wuta mai lafiya shuɗiya ce. In kin ga ta yi rawaya tana hayaƙi, a kashe a duba.

A tsakar gida a ke gashi, a fili, ƙafa 10 daga ɗaki da zana da rumfa da igiyar shanya. Kada sanyin hunturu ya sa a shigar da shi ɗaki ko zaure, gama ban da gobara akwai iskar guba marar wari da ke kwantar da mutum ba tashi. Kullum a buɗe murfi kafin a kunna. In wuta ta mutu, ki rufe tukunya da makunni, ki bar murfi a buɗe, ki dakata a ƙalla minti 5, in kin kai 15 ya fi. Ki ɗaure gyalenki, ki naɗe hannun riga, ki kori yara. Bayan kowane gashi a kwashe kitsen da ya taru a farantin ƙasa, gama naman rago ba ya rowar mai. Tukunya kuma a tsaye a ke ajiye ta, a inuwa, ba cikin mota a rana ba.

In kitse ya kama, kada ki watsa ruwa. Ki rufe gas, ki rufe murfi. In kuwa wuta ta kai ga tiyo ko tukunya har ba ki iya kai hannu, ki kwashe yara ku fita, a kira 'yan kwana-kwana. Nama da murhu duk a kan sayi waɗansu. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da gishiri, ban da man goge baki.

Ku kuma 'yammatan makaranta, ga aikinku. Ku ne kuka iya karanta Turancin da ke jikin allon nan. Ku kwafe sunan murhun da lambar ƙirarsa, ku nema a shafin hukumar CPSC a intanet, inda a ke ajiye shelar kayan da aka janye, har na shekarun baya. In kun same shi a ciki, ku faɗa wa Baba da ladabi, ku nuna masa. Ku koya wa Inna gwajin sabulu, ku koya wa masu taya ta aiki. Ilmin da ya tsare gida daga gobara ba a kai kuɗinsa makaranta a banza ba.

Uwargida, yau kafin ki ɗora tukunyar dare, ki kaɗa ɗan ruwan sabulu ki gwada tiyonki. Allah ya tsare mu da gidajenmu daga gobara, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.